Harshen da Ba Shi da Kasuwa

Da can, idan Bahaushe ya sauka a Guangzhou, kafin ya nemi masauki ni yake nema. Babu mai sayen ko katan ɗaya na silifa a Xiaobei sai da bakina a tsakiya: ɗan kasuwa a dama, lawban, wato mai kanti, a hagu, kalkuleta tana yawo tsakaninsu, ni kuma ina juya magana. Har sunana na yanka ya ɓace, kowa sai Tafinta. Yau kuwa mutum zai sauka daga Maraɗi da safe, ya kara wayarsa a bakin ɗan Sin ta fassara masa komai, kafin La'asar ya gama ciniki bai ko san ina raye ba. Abin da ya rage mini kujera ce a ofishinmu na kago, mai aika kayan 'yan kasuwa, a Dengfeng, sai fahariyar cewa ina jin harshe bakwai: Hausa, Larabci, Turanci, Faransanci, Yarbanci, Tonanci da Sinanci, ga kuma rabin yaren Kanton da na tsinta a bakin direbobi. Babu ɗaya da na koya a aji. Kasuwa nake shiga, in taya, a yi mini dariya, in sake tayawa, kafin wata uku na kama.

Tun da na dawo daga Amurka, duk Juma'a in mun fito daga Masallacin Huaisheng sai an tare ni. Alhaji Mamman na Maraɗi ya ce, "Tafinta, ya Amirik ɗin?" Isa mutumin Kumasi ya ce, "Harshe nawa ka ƙaro?" Ni kuwa sai in ce lafiya lau, in nemi takalmina. To, na samu labari matata Hajiya ta riga ta ba matansu rabin abin da ya faru, kuma rabin da ya fi muni ta zaɓa. Gara ku ji shi duka daga bakin mai shi.

Ɗana na fari, wanda muke kira Abba, ya daɗe a can yana aikin haɗa magunguna. 'Yarsa ɗaya ce, Safiya, shekararta goma sha biyar. Rabona da ita tun tana shekara uku, ranar da ta cinye mini goro a Kano ta yi ta tofarwa. A waya sai dai ta leƙo, ta ɗaga hannu, ta ɓace. Da hutunta ya zo, Abba ya shirya mu haɗu a birnin Boston mu yi kwana tara muna yawon buɗe ido. Na haura saba'in, kuma ba kullum ake ba tsoho biza ba. Na san in ban shawo kan yarinyar nan a kwana taran nan ba, sai dai nan gaba ta ji labarina a bakin wasu.

Ranar da muke ɗaure kaya Hajiya ta ce, "Alhaji, jakar nan ta yi nauyi. Da za ka bar bakinka a Dengfeng, da mun samu sauƙi." Na ce da bakin nan na aure ki.

Mun canza jirgi a Istanbul, daga nan muka bi rana yamma, ita kuma ta ƙi faɗuwa. Na yi Azahar, na yi La'asar, na zauna jiran Magariba har barci ya ɗauke ni, na farka na tarar da ita tana nan a taga. Na je Jidda, na je Lome, na je Bangkok, rana ba ta taɓa yi mini taurin kai irin na ranar ba.

A wajen duba fasfo na shirya jawabi mai kyau kan ko ni wane ne da irin ƙasashen da na taka. Jami'in ya tambayi abin da ya kawo mu. Ina gyara murya, Hajiya ta miƙa masa hoton Safiya a waya ta ce "jika" da Hausa. Ya duba hoton, ya dube ta, ya buga hatimi. Jawabina yana nan har yau ban yi amfani da shi ba. Wajen ɗaukar kaya kuwa wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, sanye da rigar aiki, ya zo ya zauna kusa da jakata ya zuba mini ido. Na wuce iyakoki da yawa da daɗin baki, amma ban taɓa haɗuwa da ma'aikacin da babu harshen da za a yi masa magana da shi ba sai wannan. Alhaji Mamman, kilishin da ka ba ni in kai wa yara, a kwandon shara ya kwana. Ka yi haƙuri.

Muna fitowa Abba ya durƙusa a tsakiyar jama'a, matarsa Rukayya ta rusuna. A bayansu ga wata doguwar yarinya mai gilashi. Ta matso, ta ce a hankali, "Sannu da zuwa, Kaka. Ya hanya?" Da ta buɗe baki sai na hango ƙarfe a jere a haƙoranta, irin wanda likitoci ke sa wa yara don haƙora su daidaita.

Kun san yadda kaka yake yi da jikarsa. Daɗi ya cika ni, na ja da baya, na riƙe haɓa. Na ce, "Abba, wannan ce matar tawa? Wallahi an cuce ni! Ido huɗu, ga kuma linzami a baki sai ka ce goɗiya. Ni na fasa, a mayar mini da kayan lefena."

Na tsaya ina jiran ramuwa. Da a Kano ne, jika za ta murguɗa baki ta ce wa zai auri tsoho mai furfura har a gira. Safiya ta rufe bakinta, ta koma bayan uwarta. A mota ta juya fuskarta taga har muka isa, Hajiya kuma ta mintsine ni a cinya har wurin ya kwana yana zafi.

Da muka sauke kaya Abba ya ja ni gefe. Ya daɗe yana sosa ƙeya kafin ya ce, "Baba, tana jin Hausa sarai, mayarwa ce take mata wuya. Gaisuwar nan sati biyu ta yi tana gwada ta a gaban madubi. Ƙarfen nan kuma, shekara guda ke nan 'yan ajinsu suna tsokanarta da shi. Ko a hoto ba ta buɗe baki."

Mai hankali zai je ya ba ta haƙuri. Ni kuwa na ga ai matsala ce ta rashin fahimta, kuma rashin fahimta sana'ata ce. Washegari wajen karin kumallo na yi mata lacca da Turanci kan wasan kaka da jika: asalinsa, amfaninsa, yadda Zabarmawa ke yi, yadda na gani a Kumasi. Na kai minti ashirin. Ta saurara har ƙarshe, ta ce "na ji" da Turanci, ta ɗauki kofinta ta tashi. Hajiya ta ce, "Ka taka yarinya, ka kuma tsaya kana yi mata bayanin takalmin."

Masaukin namu gidan katako ne na wani mutum da har muka tafi ba mu ga fuskarsa ba. Makulli yana cikin wani ɗan akwati a bakin ƙofa, ka danna lambobi ya buɗe. Babu mai kawo maka ruwa, babu mai tambayar ka gajiya. Ko'ina ka taka katako ya yi ƙara, don haka duk gidan ya san sau nawa tsoho yake zagayawa. Babu buta; sai da Abba ya sayo mini wata koriya mai dogon hanci da ake ba fulawa ruwa da ita. Rana ta biyu Hajiya ta kunna turaren wuta don ta kori warin baƙunta, sai wani abu a silin ya fara ihu kamar ana yanka shi. Muka yi ta kaɗa masa darduma har ya yi shiru.

Yawon buɗe ido a birnin nan ba wuya: sun shimfiɗa jan layi na bulo a ƙasa, ka sunkuyar da kai ka bi shi, zai kai ka duk tsoffin gine-ginensu. Sinawa tuta suke bi, alhazai su bi jagora, waɗannan kuwa bulo suke bi. Rana ta uku muka shiga wata doguwar motar 'yan kallo. Muna cikin tafiya na ga direba ya bar titi ya nufi kogi, bai rage gudu ba. Na damƙe hannun Hajiya na ɗaga murya da kalmar shahada. Motar ta faɗa ruwa, ta kama iyo, Turawa suka yi ta tafi. Ashe haka aka ƙera ta, kuma kowa ya sani ban da ni. Abba ya yi dariya har da hawaye. Na saci kallon Safiya. Ko murmushi babu. Da dariyar mugunta ma ta yi mini, da na gode.

A wani gidan abinci na bakin teku aka kawo mini wata jar halitta mai ƙahonni, kamar kunama ta ci ta ƙoshi, sannan mai hidima ta zagayo ta ɗaura mini leda a wuya kamar jariri. Shekara ashirin a Guangzhou na ga an ci duk abin da ke motsi, amma ba a taɓa ɗaura mini ƙyallen dalala ba.

Rana ta huɗu na ce yau ranata ce, a kai ni unguwar Sinawa. Muka zauna, na kira mai hidima da Sinanci mai kyau, na jero masa abin da muke so. Ya bar ni na gama, ya ce da Turanci shi a nan aka haife shi, bai ji ko kalma ɗaya ba. Allah ya taimake ni wata tsohuwa ta leƙo daga kicin. Ashe mutuniyar wani ƙauye ce kusa da Guangzhou. Muka kama hira da yaren Kanton, ta ce maganata irin ta direbobin tirela ce, na ce a wurinsu na koya. Na tambaye ta ko akwai alade ko giya a miyar kifin, ta kaɗa hannu ta ce "mou, mou", wato babu, ta dafa mana da kanta. Mutanen teburin kusa har suna ɗaukar mu a waya. Na waiga in ga ko jikata ta ga irin kakan da Allah ya ba ta. Kanta yana sunkuye kan wasu 'yan katuna, tana juya su ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana motsi.

Na tambayi Rukayya mene ne. Ta ce, "Latin ne, Baba. Tana da jarrabawa in an koma makaranta. Duk abin da take karantawa shi ta fi so."

Harshe! Nan take na ji ƙarfi ya dawo mini. Na ce, "Safiya, ki ajiye takardun nan, ba haka ake koyon harshe ba. Ki nuna mini kasuwarsu kawai. Kwana uku a cikinsu, ni zan riƙa yi miki tafinta."

Ta ɗago. Karo na farko ke nan da ta dube ni ido cikin ido tun daga filin jirgi. Ta ce da Turanci, "Ba su da kasuwa. Duk sun mutu."

"Duka?"

"Duka. Tun da daɗewa."

"To wa kike shirin yi wa magana?"

"Ba kowa. Ni nake saurarensu."

Hajiya ta ajiye cokali ta ce, "Alhamdulillahi. Ga mutanen da ba za ka cika wa kunne ba."

Amma ni na ƙirga: jimla shida ta yi mini. A kwana huɗu ban samu kamar haka ba.

Washegari jan layin nan ya kai mu wata tsohuwar maƙabarta a tsakiyar gari. Wannan ma abin kallo ne a wurinsu, mutane suna yawo tsakanin kaburbura da kofin shayi a hannu. Mu da muke shiga da sallama mu fita da sauri, sai na rasa inda zan sa ƙafa. A kan wani faffaɗan dutse na ga rubutun da ba Turanci ba ne. Wasu kalmomin sun yi kama da Faransanci, kamar yadda kakan ga kamannin mutum a fuskar jikansa, amma na kasa haɗa ma'anar. Na daɗe a tsaye. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba tun ina saurayi: na ce wa wani ya fassara mini.

Ta durƙusa, ta bi haruffan da yatsa. Ta ce kalmomi biyun farko suna nufin "a nan yake kwance", sauran kuma suna cewa mutumin malami ne, mai sauƙin hali, kuma mai ƙarancin magana. Ba ta dube ni ba da ta faɗi na ƙarshen, amma Hajiya ta dube ni.

Na ce, "Ki koya mini."

Ta ce, "Ba wasa ba ne."

Na ce na sani. Ta zaro katuna goma ta miƙo mini. Ta ce ranar da za mu tafi saura kwana ɗaya za ta yi mini jarrabawa, kalma talatin, goma kowace rana. Sharaɗi ɗaya: babu labarin Lome, babu labarin Bangkok.

Jama'a, ban san ni daƙiƙi ba ne sai a wannan makon. Duk harshen da na koya, da mutum na haɗa shi: wannan kalmar ta mai kifin nan ce da ta zage ni a Kwatano, waccan ta direban da ya zagaya da ni gari. Kalmar da ba ta da fuska ba ta zama a kaina. In haddace da safe, kafin Azahar ta gudu. Kowace yamma Safiya takan zauna nesa da ni kaɗan, ta ɗaga kati, in faɗi abin da ya zo bakina, ta ce "a'a" ta ɗaga wani. Ba ta dariya, ba ta fushi, kamar ma'aikaciyar banki. In ta gama sai ta shige kicin wurin Hajiya, in ji suna ƙus-ƙus, wani lokaci har da ƙyalƙyala. Na tambayi Hajiya me suke cewa, ta ce maganar mata ce.

Ranar jarrabawa kalma shida kawai na riƙe. Da safe na ga jakar alƙalumanta a kan tebur. Na ɗauki wani shuɗi mai taushin baki, na shiga ɗaki, na cika tafin hannuna na hagu da na dama da ƙananan rubutu. Na kuma yi wani abu da na daɗe ina zagin masu yin sa: na tambayi waya wata jimla ɗaya da ba ta cikin katunan. Ita ban rubuta ta ba, na yi ta nanata ta a zuci.

A babban lambun da ke tsakiyar gari muka ci abincin rana a kan ciyawa. Duk safiyar hannuwana a dunƙule suke cikin aljihu. Da Azahar ta yi, na ɗauki gorar ruwa na zagaya bayan wata bishiya. Shekara sittin da wani abu ina alwala, hannu ya saba, ba ya shawara da kai. Na wanke hannu, na kurkure baki, na wanke fuska sau uku, na tsefe gemu da yatsu yadda ya kamata. Sai da na zo shafar kai na ga tafin hannuna, babu ko harafi ɗaya, sai shuɗin ruwa. Na ce shi ke nan, amsa ta tafi, amma aƙalla babu wanda ya sani. Na yi sallata na dawo.

Hajiya ta dube ni sau ɗaya, ta kawar da kai, ta ce, "Safiya, ga ɗalibinki."

Safiya ta ɗaga katin farko, ta ɗago ido, sai katin ya tsaya a sama. Ta dubi gemuna. Ta dubi goshina. Ta dubi hannuwana.

"Wannan alƙalamina ne," in ji ta da Turanci.

Na ce wane alƙalami. Ta juyo mini da fuskar wayarta. Farin gemun nan da ake girmamawa daga Xiaobei har Kantin Kwari ya koma shuɗi kamar an tsoma shi a marina, ga zane biyu sun gangaro daga gira.

Ta sa hannu ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Ta kasa riƙewa. Ta kwanta a ciyawa tana dariya, hannun ya zame, ƙarfen nan duka a waje yana ƙyalli a rana. Da ta samu numfashi ta tashi zaune, ta saci kallon Hajiya, Hajiya ta gyaɗa mata kai. Sai ta nuna ni da yatsa, ta ce da Hausa, kalma ɗaya-ɗaya:

"Tsoho ɓarawo. Rago. Ni ba na son miji mai satar amsa. Na fasa."

Rukayya ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Safiya!" Abba ya yunƙuro zai yi faɗa. Na ce, "Kai, zauna. Tun daga Guangzhou na taso don in ji zagin nan."

Sannan na juya wurinta na faɗi jimlar da na roƙa a waya, wadda bakina ya kasa faɗa da harshe bakwai da rabi. Na ce, "Ignosce mihi." Ma'anarta, ki yafe mini. Na nuna bakina don ta san abin da nake nufi.

Ta cire gilashinta ta goge. Ta ce, "Ba ta cikin jarrabawa." Can, da ta gama ɗaga katunan duka, ta ce da Hausa, "Na yafe, Kaka. Amma ka faɗi. Huɗu cikin talatin."

Na ce shida na sani. Ta ce biyu na ladan satar ne aka cire.

Shuɗin bai gama fita ba sai da muka dawo. Jami'in da ya duba fasfona a nan ya daɗe yana kwatanta hoton da gemun.

Yanzu duk Lahadi da safe, lokacin ita tana Asabar da yamma, wayata takan yi ƙara a Dengfeng. Ta ɗaga kati, in faɗi, ta kira ni rago. In ce mata mai ido huɗu, ta ce gara ita da mai shuɗin gemu. Rabin hirar da Hausa muke yi, kuma Hausarta tana gaba da Latin ɗina nesa ba kusa ba. Ta ci jarrabawarta. Ta ce in an yi dogon hutu za ta zo in kai ta kasuwa ta ga yadda ake yi mini dariya da Sinanci.

Isa, ka tambaye ni harshe nawa na ƙaro. Ko ɗaya. Kalma arba'in da 'yan kai nake da su, kuma babu wanda zan sayi ko allura da su a wurinsa. Abin da ya canja shi ne, da ni ne mai magana a tsakiyar kowane zama. Yanzu ina da malama 'yar shekara goma sha biyar, kuma in ta ɗaga kati, shiru nake yi sai ta ba ni izini.